Wayar Dish da Eriya: Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani

Da zarar hoto ya fara daddatsewa a talabijin, dish ake ɗora wa laifi. A hau saman kwano, a juya shi nan, a juya shi can, wani ma har ya sayo sabuwar dikoda. Ba kasafai ake waiwayar wayar nan mai kauri da ta sauko daga dish ta shigo ta taga ba, alhali sau da yawa a jikinta cutar take. Masana suna kiranta ko'aksiyal. Irinta ce ke haɗa na'urar watsa shiri ta gidan rediyo da eriyarta, ita ce a jikin kyamarorin tsaro da yawa, har a cikin kwamfutar cinya akwai 'yar siririyarta da ke kai siginar Wi-Fi.

Me ke cikinta?

Ka yanka ta, za ka ga hawa huɗu. A tsakiya akwai silin waya guda. Farar roba mai kama da soso ta lulluɓe shi. A kan robar akwai takardar alminiyam da saƙar ƙananan wayoyi, sai baƙar riga ko fara daga waje. Silin da saƙar suna zagaye da cibiya ɗaya, kuma daga nan sunan ya samo asali.

Dalilin wannan gini shi ne, siginar rediyo wuta ce mai kaiwa da komowa sau miliyoyi cikin daƙiƙa ɗaya. Idan ka ɗora ta a wayar lantarki ta gida, sai wayar ta zama eriya da kanta: ta zubar da abin da ta ɗauko, ta kuma kwaso hayaniyar janareto da tartsatsin fulogin babur. Saƙar nan ce katanga. Siginar tana tafiya ne a filin da ke tsakanin sili da saƙa, kamar ruwa a bututu. Shi ya sa tazarar da ke tsakaninsu ba abin wasa ba ce. Wanda ya lanƙwasa wayar a kusurwar bango har ta karye gwiwa, ko ya danne ta da ƙusa, ya canza wannan tazara, kuma a daidai wurin wani kaso na siginar zai juya baya.

Daga ina ta fito?

Oliver Heaviside ya yi rajistar dabarar a Ingila a 1880. A 1929 injiniyoyi biyu na kamfanin tarho na Amurka, Lloyd Espenschied da Herman Affel, suka fito da siffarta ta zamani. A 1956 aka shimfiɗa irinta a ƙarƙashin Tekun Atilantika, daga Sikotland zuwa Kanada, tana ɗaukar kira 36 a lokaci guda.

50 ko 75?

A jikin rigar za ka ga an rubuta 75 ko 50, da alamar om. Ba ƙarfin wuta ba ne, kuma mitar mai gyara ba za ta nuna maka shi ba. Lamba ce da ke fitowa daga kaurin sili, da faɗin saƙa, da irin robar da ke tsakani. Lissafi ya nuna cewa idan iska ce a tsakani, wajen 77 ne sigina ta fi tafiya ba asara, wajen 30 kuma wayar ta fi ɗaukar ƙarfi. Sai masu karɓar sigina mai rauni, wato talabijin da dish, suka tsaya a 75. Masu watsawa, kamar gidajen rediyo da turakun wayar salula da rediyon oba-oba, suka ɗauki 50 a matsayin tsaka-tsaki.

Idan aka haɗa waya da na'urar da lambarsu ta saɓa, sigina tana dawowa baya. A talabijin asarar kaɗan ce. A na'urar watsa shiri mai ƙarfi kuwa, abin da ya dawo zafi yake zama, yana iya ƙona kayan ciki.

Haruffan RG da ake rubutawa a jikin rigar kuma gado ne daga tsarin sojan Amurka na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. RG-6 ita ce ta dish, RG-59 ta fi ta siranta kuma an fi sa ta a kyamarori, RG-11 mai kauri ce don nisa, duka 75. RG-58 kuwa 50 ce.

Jan ƙarfe ne ko an shafa ne?

Nan ne mai saye ya fi cutuwa, kuma nan nake so a tsaya a fahimta. Sigina mai saurin gaske ba ta ratsa cikin sili, a fatarsa take gudu. A gigahaz ɗaya, zurfin da take shiga cikin jan ƙarfe bai wuce kashi biyu cikin dubu na milimita ba. Don haka masana'antu suke yin silin da baƙin ƙarfe su shafe shi da jan ƙarfe. Wannan ba ha'inci ba ne, muddin an faɗa wa mai saye, domin siginar ba ta san bambanci ba.

Sai dai wayar dish aiki biyu take yi. Kan nan da ke gaban faranti, wanda masu ɗaura dish ke kira LNB, yana karɓar sigina mai gigahaz 10.7 zuwa 12.75, ya sauko da ita zuwa megahaz 950 zuwa 2150 don waya ta iya ɗauka. Wutar da yake aiki da ita daga dikoda take hawa, ta wannan wayar dai. Kuma da ita dikoda ke ba shi umarni: volt 13 yana nufin ya kamo tashoshin da siginarsu ke tsaye, volt 18 waɗanda ke kwance. Ita wannan wuta ba ruwanta da fata, dukkan kaurin sili take bi, baƙin ƙarfe kuwa yana tauye ta fiye da jan ƙarfe nesa ba kusa ba. Idan waya ta yi tsawo, ko mahaɗi ya yi tsatsa, 18 ɗin sai ta iso a rage. Abin da mai gida zai gani shi ne wasu tashoshi garau, wasu sun ɓace ɗungurungum, ya yi ta juya dish a banza.

Gwajin ba wuya: ka je kasuwa da maganaɗisu. Idan ya kama silin, baƙin ƙarfe ne a ciki. Ka kuma buɗe rigar ka dubi saƙar. Idan 'yan silalla ne jefi-jefi kamar gemun ɗan akuya, ka ajiye ta, ko nawa aka rage maka.

Tsawo, rana da ruwa

Ko waya mai kyau tana cin sigina. RG-6 tana zubar da kusan rabin ƙarfin a kowane mita 15 idan sigina ta kai gigahaz ɗaya, kuma asarar tana ƙaruwa idan ta haura haka. Kada a bar ragowar waya a naɗe a bayan talabijin, a yanke daidai buƙata. Kowane ƙulli da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif ƙofa ce ta asara. A sa mahaɗin F mai zare.

Zafin bazara yana tsattsaga riga mai arha, damina ta zo ta tarar da ƙofa a buɗe. Ruwa yana bin saƙar kamar yadda kananzir ke bin lagwani, ya sa ta tsatsa, wani lokaci har ya gangaro cikin dikoda. Gogaggen mai ɗaura dish yakan toshe mahaɗin waje da kyau, sannan ya bar wayar ta ɗan yi lilo ƙasa kafin ta shiga bango, yadda ruwa zai ɗiga a waje.