Gemu Ba Ya Hana Ilmi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

A kasuwar Zuru, idan rana ta take ciniki ya ja baya, akan ga dattijo mai furfura a rumfarsa ya jawo littafin da ɗansa ya zo da shi daga makaranta, yana karantawa yana murmushi shi kaɗai. Da ya hangi malaminsa tafe sai ya cusa shi ƙarƙashin buhun dawa, kamar wanda aka kama da kayan sata. To, wannan kunya tana da asali a ilmi, ko kuwa al'ada ce kurum? Ga bayani.

Littafin da aka fi kama manya da shi shi ne Magana Jari Ce. Mai shi, Alhaji Abubakar Imam, an haife shi a 1911 a Kagara, cikin Jihar Neja ta yanzu, maƙwabciyar ƙasar Zuru, ya rasu a 1981. Ɗan gidan malamai ne, ya san Larabci, sa'an nan ya yi Kwalejin Katsina. A 1933 Hukumar Talifi ta Zariya ta sa gasar ƙaga labari, ya rubuta Ruwan Bagaja, wansa Malam Bello Kagara kuwa ya rubuta Ganɗoki. A 1936 aka ɗauko shi daga koyarwa a Katsina zuwa Zariya, don ya shirya wa 'yan makaranta littafin karatu. Aka fara buga shi a 1937, ya cika littafi 3.

Watau don yara aka yi shi. Amma a dubi abin da ke ciki. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri kuwa yana ƙulla makirci a hallaka yaron. Sai wani aku ya riƙa tsare Musa da labari, dare bayan dare, har sarki ya komo. Yaro yana jin daɗin tsuntsu mai magana. Amma wanda ya taɓa barin rumfarsa a hannun amintacce, ya dawo ya iske an ci amanarsa, shi ne zai gane Wazirin nan sarai. Rijiya ɗaya ce, sai dai kowa da tsawon igiyar gugarsa.

Tun can manya suka shiga cikin abin. Cikin shekarun 1950 aka yi Yaƙi Da Jahilci a ƙasar Arewa, hukumar NORLA ta Zariya, wadda ta yi aiki daga 1953 zuwa 1959, ta riƙa buga ƙananan littattafai masu sauƙi don magidanta. Ƙasar Zuru kuwa ta san amfanin irin wannan. Dakarkari suna da harshensu, watau C'lela, Hausa ita ce harshen kasuwa da na bariki, ga shi kuma mutanen ƙasar sun yi suna wajen aikin soja. Mutumin da ya koyi Hausa da girmansa, ko wanda ya iya ajami amma boko na yi masa gardama, ba abin da ya fi masa sauƙin hawa kamar labari gajere mai daɗi, wanda zaƙinsa ke jan mai karatu zuwa shafi na gaba.

Waɗansu malamai sukan ce wannan tatsuniya ce, tatsuniya kuwa ƙarya ce, wasan yara da dare. Maganarsu abar dubawa ce, amma ga amsa. Ƙarya ita ce a gaya wa mutum abin da bai auku ba don ya gaskata. Wanda ya ce aku ya zama waziri, shi da mai sauraronsa duk sun san misali ake bugawa. Magabata ma sun yi haka. Abdullahi ɗan Muƙaffa ya fassara Kalila wa Dimna daga Farisanci zuwa Larabci wajen shekarar 750 ta Miladiyya, labarin dila biyu a fadar zaki. A gabatarwarsa an bayyana cewa an sa maganar a bakin dabbobi ne don samari su so shi saboda nishaɗi, masu hankali kuma su tsinci hikimar. Imam ma ya ɗebo daga irin waɗannan littattafan Gabas da na Turai, ya sa musu rigar Hausa.

Kuma malami ya dubi zaurensa. Ahalari littafin masu farawa ne, amma shehin da ya sauke Risala da Askari, in mas'alar ƙabli da ba'adi ta shige masa, yakan koma gare shi, ba wanda ya ce girmansa ya zube.

Hasarar kunyar nan kuwa a fili take. Ɗan kasuwan da ya ƙi kama littafin ɗansa, shi ne yau yake miƙa wa baƙo wayarsa ya karanta masa saƙon banki, yake sa hannu a takardar da bai san abin da ke cikinta ba. Ya guji kunyar yini ɗaya, ya sayi ta shekara da shekaru.

Sai dai akwai sharaɗi uku. Kada littafin ya ci lokacin salla. Kada ya maye gurbin tilawa. Kuma uba ya riƙa auna abin da ya karanta da ma'aunin shari'a, gama ba duk abin da aka buga ne ya dace da gidan Musulmi ba, wanda bai karanta ba kuwa ba shi da hanyar sani.

Saboda haka dattijo ya fito da littafin daga ƙarƙashin buhu. In ya kakare a kalma ya kira yaron ya gyara masa, shi kuma ya fassara wa yaron manufar labarin, kowa ya ƙaru da ɗan'uwansa.

Allah ya ƙara ilmi mai amfani, ya sa a gama lafiya, amin. Haza wassalam.