Katin Awon Yara: Ɗan Layin Da Ke Faɗa Mana Gaskiya

A kusan kowane gida na zangunanmu, daga Nima a Ankara har zuwa Kumasi da Tamale, akwai littafin asibitin da ake ba mai jego. Sau da yawa mukan adana shi a ƙasan akwati, ba ma waiwayarsa sai ranar allura. Alhali kuwa a cikinsa akwai wani zane da zai iya ceton ran yaro.

Wannan dabara a Afirka ta Yamma ta samo asali. Wani likitan yara ɗan Ingila, David Morley, wanda ya fara aiki a ƙasar Yarabawa a 1956, shi ya ƙirƙiro katin a garin Imesi-Ile, daga nan ya bazu a duniya. Ghana ma tana da hannu a ciki. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006 an samo shi ne daga awon yara kusan 8,500 a ƙasashe shida tsakanin 1997 da 2003, kuma har da yaran Ankara. Sakamakon ya nuna cewa in aka samu nono da abinci da tsabta, girman ƙananan yara kusan iri ɗaya ne a ko'ina.

Karanta zanen ba ya buƙatar ilimin boko mai zurfi. A ƙasa an jera watannin yaro, a gefe kuma nauyinsa da kilo. Duk wata ma'aikaciyar jinya za ta ɗiga alama inda biyun suka haɗu. In aka haɗa ɗigon, sai layi ya fito. Layin da ke hawa alama ce ta lafiya. In ya miƙe bai hau ba wata biyu ko uku, to akwai matsala. In kuwa ya gangara, a garzaya asibiti.

Abin lura shi ne, inda layin ya dosa ya fi muhimmanci a kan inda ɗigo ɗaya ya tsaya. Yaro ɗan ƙarami da ke hawa a hankali ya fi ƙato wanda ya tsaya cik. Galibi jariri yakan ninka nauyin haihuwarsa wajen wata biyar, ya ninka shi uku a shekara guda.

Amfanin katin shi ne yana ganin abin da idon uwa ba ya gani. Ciwon tamowa a ɓoye yake shiga, musamman bayan wata shida, lokacin da nono kaɗai ya daina wadatar da yaro, mu kuma muka dogara da koko zalla. Ƙara gyaɗa, wake, ƙwai ko garin kifi cikin kokon yakan mayar da layin kan hanya.

Don haka muna kira ga iyaye mata kada su daina zuwa awo don an gama allurai, domin an tsara zanen har shekara biyar. Magidanta su ma su riƙa karɓar littafin su duba, su tambayi ma'aikatan abin da ba su gane ba. Rigakafi dai ya fi magani.

Allah ya raya mana zuriyarmu cikin ƙoshin lafiya, amin.