Gardama bisa gidan renon yara a bayan garin Maraɗi

Labarinmu na wannan wata daga bayan garin Maraɗi ya fito, inda gidajen siminti suke haɗuwa da gonakin hatsi.

Maraɗi gari ne mai ci gaba da faɗi. A 1945 ruwan Gulbi ya ci tsohon gari, aka tashi mutane zuwa bisa tudu. A ƙidayar 1977 mutanen garin ba su kai dubu 50 ba. A ƙidayar 2012 sun wuce dubu 260. Gonar da uba ya noma, ɗa ya iske an yanka ta, an kafa duwatsun iyaka, an yi gini.

A wata unguwa irin wannan akwai gida mai ɗaki huɗu. Mai shi ya tafi neman kuɗi, ya bar shi a rufe. Matan unguwa suka yi adashi suka kama shi haya. Nufinsu su riƙa ajiye yara ƙanana daga safe zuwa azahar. Wasunsu kasuwa suke zuwa, wasu fadama. Dokar ilimi ta ƙasarmu ta 1998 ta san da irin wannan wuri, na yara masu shekara 3 zuwa 5, kafin su shiga lakkwal. Mata suka shafa farar ƙasa, suka sayi tabarmi da randa, suka sami mai kula da yaran.

Abu guda suka manta. Ba su gaya wa maƙwabta ba. Ba su je ofishin magajin gari ba. Kwana uku da buɗewa sai ƙara ta kai ga mai unguwa.

Wani dattijo ya ce shi don ya huta ya gina a bayan gari, ga shi kuka da hayaniya sun biyo shi. Wani ya ce ƴan kabu-kabu masu kawo yara suna tare mashi ƙofa. Wata mata ta ce salangar gidan guda ce tak, kuma tana jingine da katangarta, kusa da rijiyar da take sha.

Sai wani makiyayi ya tashi. Ya ce ƙofar gidan burtali take kallo. Safe da marece garke yana bi ta nan. Dama masu gini sun matse hanyar har shanu biyu ba su jerawa. Idan saniya ta taka yaro, wa za a kama? Tsoronsa kada gobe a ce saboda yara an rufe burtalin. Ya ga an yi haka wani wuri.

A nan doka tana bayansa. Dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun ce burtali na jama'a ne. Ba a saida shi, ba a toshe shi. Shanun sun riga gidan zuwa wurin.

Ni a ganina maganar hayaniya ba hujja ba ce. Wace unguwa ce babu kukan yaro? Mai kukan nan ma jikokinsa sun fi goma. Amma maganar salanga da ta burtali gaskiya ne. An gina gidan don iyali guda. Salangar da ta ishi mutum takwas ba ta isar yara talatin. Ma'aikatan lafiya suna cewa a bar kamar mita 30 tsakanin salanga da rijiya, don kada ƙazanta ta bi ƙasa ta shiga ruwa. Daga nan zawo yake farawa, kuma yaro ƙarami ba ya jure ma zawo.

Duk da haka ba na son gidan ya mutu. A wurinmu na karatun manya, rabin darasi goyo ne yake cinye shi. Mace ta kama alli, yaro ya kama kuka, ta aje ta tafi. Wadda ba ta da mai reno kuwa, sai ta fidda ɗiyarta daga lakkwal ta ɗora mata ƙane a baya. Uwa ba ta koya ba, ɗiya ba ta koya ba.

Matan suka je ofishin magajin gari. Aka ce masu mai son canza gini sai da takardar izini. Mai son riƙon ƴaƴan jama'a kuma sai hukumar ilimi ta zo ta duba wurin ta yarda. Aka ce su rufe tukuna.

An zauna sau biyu ƙofar mai unguwa. An yarda a toshe ƙofar burtali da tubali, a huda wata ta gabas inda dabbobi ba su bi. Makiyayin ya ce shi ya gamsu, har ya yi alkawarin taki don itacen da za a shuka a tsakar gida. An yarda a gina salanga biyu nesa da rijiya. Dattijon nan bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Saura kuɗin aiki. Matan sun ce a cire daga kuɗin haya, tunda gyaran gidan mai gida zai zama. Mai gida ya aiko cewa shi bai sa kowa huda katangarsa ba. Gidan yana rufe har yanzu, tabarmi suna naɗe cikin ɗaki. An sa ranar zama na uku bayan an gama ɗaurin hatsi.