Daga Kwata Zuwa Teku: Tafiyar Ledar da Muka Yar

Kowane mahauci ya san dunƙulen ledar da ake tararwa a tumbin akuyar da ta yi kiwo a bola. Irin wannan ɓarnar leda da roba ke yi wa halittun teku, sai dai can babu mai gani.

Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin tan miliyan 11 na tarkacen roba ke shiga teku duk shekara, akasari daga tudu. Ruwan sama ya kwaso daga kwata ya zuba a rafi, rafi ya miƙa wa kogi. Ledar fiyawata da aka yar a gaɓar Kogin Kaduna ko Rima tana iya bin Kogin Kwara har Tekun Atlantika. Wani bincike na 2017 ya sanya Kwara cikin koguna goma da suka fi kai roba teku.

Matsalar ita ce roba ba ta ruɓewa kamar ganye. Kunkurun teku kan haɗiye leda a zaton abinci ce, ta toshe masa hanji. Tsuntsaye kan ɗura wa 'ya'yansu murafun kwalba. A 2019 an tsinci gawar ƙaton kifin nan da ake kira wel a gaɓar Filifin da kilo 40 na leda a cikinsa. Komar da masunta suka yasar kuwa takan ci gaba da kamu shekara da shekaru, babu mai janye ta. Tsakanin Hawai da Kalifoniya, igiyar ruwa ta tara tarkace a yankin da ya kai murabba'in kilomita miliyan 1.6, ya fi Najeriya girma nesa ba kusa ba.

Robar da rana da igiya suka dagargaza ta fi wuyar sha'ani. Takan koma ɓurɓushi, kifi ya ci, mu kuma mu ci kifin. An gano ɓurɓushin a gishiri, kuma a 2022 masana a Holan sun gano shi a jinin mutum.

Tsame tarkacen daga teku aiki ne ja, gara a tare shi tun daga tudu. Ruwanda ta haramta leda a 2008, Kenya a 2017. Kafin doka ta iso mu, a je kasuwa da kwando ko jaka, a sayo ƙosai a kwano, a daina zuba shara a kwata in hadari ya haɗo. Akuyar gida za ta tsira, kifin teku ma haka.