LABURARE DA INTANET: YADDA MA'AIKATAN ƊAKIN KARATU KE KOMAWA ƊALIBTA

Gabatarwa

Hausawa na cewa gemu ba ya hana ilmi. Cikin shekaru talatin da suka wuce, wannan karin magana ya tabbata a kan ma'aikatan laburare, wato mutanen da ke tsaron littattafai suna kuma nuna wa mai bincike inda zai sami abin da yake nema. Da yawa daga cikinsu sun fara aiki da kati da tawada da hatimi, yau kuwa ana bukatar su san kwamfuta da intanet da kafofin sada zumunta. Wannan maƙala za ta bayyana yadda canjin ya zo ƙasarmu, da abin da ma'aikatan ke koya, da kuma dalilin da ya sa al'amarin ya shafi ɗalibi da malamin sakandare, ko da a ƙauye suke.

Aikin mai laburare tun asali

Ɗalibin kimiyyar halittu zai fi kowa saurin gane aikin mai laburare, domin aikinsu ya yi kama. A shekarar 1753 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya fito da tsarin bai wa kowane tsiro suna mai kalma biyu, ta yadda masanin Kano da na Landan za su san tsiro ɗaya suke magana a kai. Haka nan a 1876 wani Ba'amurke, Melvil Dewey, ya raba dukkan ilmi gida goma, ya ba kowane gida lamba. Kimiyya tana gida na 500. A cikinsa nazarin halittu yana 570, tsirrai 580, dabbobi kuma 590.

A zamanin da muke ɗalibta, idan kana neman littafi sai ka nufi wata durowa mai aljihu da yawa cike da katuna. Kowane kati yana ɗauke da sunan marubuci da sunan littafi da lambarsa. Ka kwafi lambar, ka bi kanta-kanta har ka same shi. Ke nan aikin mai laburare uku ne: ya zaɓo abu mai inganci, ya tsara shi, ya kuma haɗa shi da mai nema. Intanet ba ta kashe ko ɗaya daga cikin ukun ba. Abin da ta canza shi ne kayan aikin.

Yadda na'ura ta shigo

A tsakiyar shekarun 1990 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, da tallafin Bankin Duniya, ta raba wa laburaren jami'o'in tarayya wata manhaja mai suna TINLIB domin a mayar da katunan nan cikin kwamfuta. Ba a daɗe ba laburare da dama suka yi watsi da ita. Daga cikin dalilan akwai rashin tsayayyar wutar lantarki, da tsadar kula da manhajar, da ƙarancin ma'aikatan da suka ƙware a kanta. Darasin da aka koya mai ɗaci ne, amma mai amfani: ba a kawo doki kafin a koyi hawa.

Da aka shiga shekarun 2000 sai aka sake salo. Gidauniyar MacArthur ta Amurka ta tallafa wa jami'o'i huɗu a Nijeriya, biyu daga ciki a Arewa, wato Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, mai babban laburaren nan na Kashim Ibrahim. A wannan karon an haɗa sayen na'ura da horar da mutane. Ƙwararru daga Cibiyar Mortenson ta Jami'ar Illinois sun riƙa zuwa suna koyar da ma'aikata yadda ake shigar da bayanan littattafai a kwamfuta da yadda ake bincike a rumbunan mujallu.

A daidai lokacin ne wasu ƙofofi suka buɗe. A 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin HINARI, wanda ke bai wa cibiyoyin ƙasashe masu tasowa damar karanta mujallun likitanci kyauta ko a farashi mai rahusa. A 2003 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kawo AGORA domin mujallun noma, a 2006 kuma aka sami OARE domin nazarin muhalli. Malamin da a da yakan jira watanni kafin kwafin maƙala ya iso shi ta gidan waya, sai ga shi yana samun ta cikin minti kaɗan. Sai dai fa dole a sami wani a laburare da ya san yadda ake yi wa jami'a rajista, da yadda ake shiga, da yadda ake koya wa wasu.

A ɗaya ɓangaren kuma, wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001. Facebook ya fito a 2004, WhatsApp a 2009. Cikin ɗan lokaci intanet ta bar ɗakin kwamfuta ta koma aljihun jama'a.

Hanyar koyo: kaɗan-kaɗan

Yaya ake koya wa mutum mai shekara hamsin abin da ɗansa ya fi shi iyawa, ba tare da ya ji kunya ba? Wata ma'aikaciyar laburaren birnin Charlotte a Amurka, Helene Blowers, ta fito da wata dabara a 2006. Ta tsara ƙananan ayyuka 23, ma'aikaci ya yi su da kansa cikin mako tara, a lokacin da ya samu sarari. Yau ya buɗe shafin kansa, gobe ya ɗora hoto, jibi ya gwada gyara rubutun haɗin gwiwa, sannan ya rubuta abin da ya fahimta abokan aikinsa su karanta. Babu jarrabawa, babu bulala. Ɗaruruwan laburare a ƙasashe daban-daban sun kwaikwayi tsarin.

Wasu daga cikin manhajojin da aka koya a wancan lokaci sun mutu tuni. Amma waɗanda suka koye su ba su yi asara ba, domin abin da ya zauna musu shi ne rashin tsoron taɓa sabon abu. Wanda ya iya keke, babur ba zai ba shi wuya ba.

A nahiyarmu ma akwai irin wannan yunƙuri. Ƙungiyar laburaren Afirka ta AfLIA, mai hedkwata a Accra ta ƙasar Gana, ta gudanar da kwas ta intanet a 2021 inda aka koya wa ma'aikatan laburare yadda ake rubutu da gyara a Wikipedia. Akwai kuma gangamin da aka fara a 2016, wanda ke neman kowane mai laburare ya ƙara madogara guda ɗaya tak a wata maƙala da ba ta da shi. Tun da akwai Wikipedia ta Hausa, wannan hanya ce ta sa ilmi cikin harshenmu.

Misali daga gonar dawa

Bari mu sauko gida. A Ƙaramar Hukumar Ƙaraye, yammacin Jihar Kano, akwai mazaɓa mai suna Daura, wadda ba ita ce Daura ta Jihar Katsina ba. Yankin Ƙaraye da maƙwabciyarta Rogo ƙasar noma ce, ta dawa da masara. Mu ɗauka malamin kimiyyar noma ya ba wata ɗaliba a can aikin gida: ta binciko abin da ya sa wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji, take kashe dawa. Kayan aikinta kawai wayar yayanta.

Idan ta rubuta "wuta-wuta" a injin bincike, abin da zai fi fitowa shi ne labarin gobara ko na lantarki. A nan ne mai laburare da ya sami horo zai yi mata amfani, ta matakai huɗu.

Na farko, zai nemo mata sunan kimiyya. Tun 1916 wani likita, J. M. Dalziel, ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa haɗe da sunayensu na kimiyya. Sunan wannan ciyawa shi ne Striga hermonthica. Dawa kuwa Sorghum bicolor.

Na biyu, zai koya mata haɗa kalmomi. Rumbunan bincike suna aiki da ƙa'idar lissafin George Boole, masanin Ingila na ƙarni na 19. Idan aka sa kalmar AND tsakanin Striga da Sorghum, na'ura za ta kawo rubutun da ya ƙunshi duka biyun kawai. Kalmar OR tana faɗaɗa bincike, NOT kuma tana cire abin da ba a so.

Na uku, zai kai ta inda ya dace. Akwai Google Scholar, wanda ya fito a 2004, da AJOL, matattarar mujallun Afirka da aka fara a 1998, da shafukan cibiyoyin bincike irin su Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da IITA, wadda ke da reshe a Kano. A can za ta gano cewa tsiron wuta-wuta guda yana zubar da dubban ƙananan iri masu kama da ƙura. Cewa irin yana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma. Cewa ba ya tsirowa sai ya ji wani sinadari da saiwar dawa ke fitarwa. Sannan ya maƙale a saiwar yana tsotse ruwa da abinci tun kafin manomi ya ga furensa a sama. Za ta kuma fahimci dalilin da ya sa ake shawartar manomi ya tuge ta kafin ta yi iri, ya ƙara wa gona taki, ya kuma riƙa sauya shuka.

Na huɗu, zai nuna mata yadda za ta rubuta inda ta samo kowane bayani, don kada ta ɗauki aikin wani ta ce nata ne.

Irin wannan hanya za a bi idan tambayar ta shafi tsargiya, cutar da ake ɗauka a ruwan da ke da wasu ƙananan dodon koɗi, abin da ya kamata mazauna kusa da madatsar ruwa irin ta Challawa, wadda aka kammala a 1992, su sani. Sunan da zai buɗe ƙofa shi ne Schistosoma haematobium, rumbun kuwa PubMed, wanda kowa ke shiga kyauta tun 1997.

Kafofin sada zumunta: zuma da harbi

Laburare da dama yanzu suna da shafi a Facebook ko zaure a WhatsApp. Ta nan ake sanar da sababbin littattafai, a amsa tambaya, a tura wa malamin ƙauye darasi ba sai ya biya kuɗin mota ba. Amfanin haka ya fito fili a 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu.

To amma zuma da zaƙi, da harbi. A watan Agusta na 2014, lokacin da cutar Ebola ta ɓulla a Nijeriya, wani saƙo ya bazu ta wayoyi cewa wanka da ruwan gishiri da shan sa yana kare mutum. Cikin dare aka yi ta tashin 'yan uwa daga barci. Mutane da dama sun kwanta asibiti, wasu sun rasa rayukansu. Ɗalibin aji huɗu na sakandare da ya karanta darasin osmosis zai iya bayyana dalili: gishiri mai yawa a jini yana janyo ruwa daga ƙwayoyin jiki, yana tayar da hawan jini, yana kuma wahalar da ƙoda. Ba ya kashe ƙwayar cutar da ta shiga jiki. Ilmin yana nan cikin littafi, amma ƙarya ta riga shi isa gidaje.

Saboda haka babban abin da ake koya wa mai laburare a yau shi ne tantance bayani, da koya wa wasu su tantance. Tambayoyin huɗu ne: Wane ne ya rubuta? Yaushe? Mene ne hujjarsa? Wace riba zai ci idan na yarda? A mujallar kimiyya ta gaskiya, ba a buga maƙala sai wasu masana na fannin sun duba ta. Saƙon da aka turo a zaure kuwa ba wanda ya duba shi. Haka nan manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT, wanda ya fito a ƙarshen 2022, suna iya ƙirƙiro sunan littafin da ba a taɓa rubutawa ba, cikin lafazi mai gamsarwa. Dole a bi sawun abin da suka faɗa.

Shawara ga makarantunmu

Makarantun karkara da yawa ba su da ƙwararren mai laburare. Malami ɗaya ake ba makullin ɗakin littattafai, a kan aikinsa na koyarwa. Ga kuma matsalar wuta da tsadar data. Duk da haka akwai abin yi. Shugaban makaranta ya ware wa wannan malami awa biyu a mako domin koyo. Malamin ya tsara wa kansa ƙananan ayyuka, ɗaya a mako, ya kuma ƙulla zumunci da laburaren jami'a ko na kwaleji mafi kusa. Abin da ya sauke a waya ranar da ya shiga gari, ya adana shi domin amfanin ɗalibai ko babu intanet. Kada kuma ya ji nauyin tambayar ɗalibinsa yadda ake latsa wani abu. Ɗalibi ya san maɓalli, malami ya san abin da ake nema.

Kammalawa

Mun ga cewa na'urar da aka kawo ba tare da horo ba ƙura ta rufe ta, wadda aka haɗa da horo kuwa ta yi amfani. Don haka, ya kai ɗalibi, idan ka ga malamin laburarenku sunkuye a kan waya yana fama da sabon abu, ka matsa kusa ka taimaka masa, ka kuma roƙe shi ya koya maka yadda ake bambance tsaba da tsakuwa. Ku kuma malamai, ku gwada aikin wuta-wutar nan da ɗalibanku a wannan zango, ku ga abin da za su dawo da shi.