Lissafin Wutar Lantarki

Jama'a da yawa a kwalejin nan, malamai da almajirai, suna guga da dafa ruwa da lantarki kullum, amma kaɗan ne suka san ma'anar lambobin da ke rubuce a gindin dutsen guga. Ina so in nuna muku lissafinsu, gama bai fi ƙarfin wanda ya iya sau da rabawa ba.

Ku dubi ruwan da ke zuwa mana gari daga madatsar Gubi. Akwai ƙarfin da ke tura shi, akwai yawan da ke wucewa, akwai kuma ƙuncin bututu da ke tauye shi. Haka lantarki yake. Ƙarfin turi da bolt ake auna shi, yawan abin da ke gudana da amfiya, turjiyar waya kuwa da om. Wani malamin makaranta Bajamushe, Georg Ohm, shi ya bayyana dangantakarsu a 1827. Ya nuna in ka raba bolt da amfiya, om za ka samu. In kuwa ka yi bolt sau amfiya, sai ka sami wat, watau yawan aikin da abin ke yi.

To, mu ɗauki misali. Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce. A ce dutsen guga yana jan amfiya 5. Raba 230 da 5, ka sami om 46. Sa'an nan 230 sau 5, wat 1,150 ke nan.

Ga inda abin ya fi daɗi. Kowa a Bauchi ya san daren da wuta kan zo ba ƙarfi. A ce ta sauka zuwa bolt 184. Turjiyar dutsen tana nan kusan yadda take, om 46, saboda haka yanzu amfiya 4 kaɗai yake ja. 184 sau 4, wat 736. Kun gani? Kashi ɗaya cikin biyar na bolt ya ragu, amma zafin da ya tafi ya zarce sulusi, domin bolt da amfiya tare suka faɗi. Ɗalibin da ke zagin dutsensa a irin wannan dare, ya zalunce shi, dutsen ba shi da laifi.

Abin da ya fi damuna kuwa shi ne ɗakunan kwana. Filogi mai ƙafa uku da muke amfani da shi, iyakar ƙarfin fis ɗinsa amfiya 13 ne. 230 sau 13, wat 2,990. Yanzu ga samari sun jona dutsen nan mai 1,150, da hitar ruwa mai 1,000, da murhun lantarki mai 1,500, duk a kan wayar ƙari guda. Jimla 3,650. Raba da 230, amfiya ta kusa 16. Wannan ya wuce iyakar fis, in kuma kaya suka ƙara yawa zai ƙone, aikinsa ke nan. Sai wani mai wayo ya zare shi, ya naɗa zaren waya ko takardar azurfa ta kwalin sigari a gurbinsa. Daga nan ba mai tsare wayar, kuma in amfiya ta ninka biyu, zafin da ke cikin waya huɗu yake ninkawa. Roba ta narke a ƙarƙashin katifa, mutane na barci.

Ku da za ku fita gwajin koyarwa, kada ku kai yara kusa da soket don wannan darasi. Batir biyu na tocila sun isa, bolt 3 ke nan. In ƙwan yana jan amfiya 0.3, ku bar su su fitar da om 10 da wat 0.9 da kansu a kan allo.