Jifa ko tambaya? Ranar da ɗaliban Wagadugu suka rabu biyu

Ran Talata 28 ga watan Nuwamba na shekarar 2017, gari ya waye a Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, lakwal-lakwal duk a rufe. Hukuma ce ta ba da umurnin a rufe su har kwana biyu, saboda baƙon da ya sauka da daddare, wato shugaban ƙasar Faransa Emaniyel Makron, wanda a lokacin watansa shida ke nan bisa mulki. Kafin jirginsa ya sauka, wasu mutum biyu a kan babur sun jefa gurneti wajen wata motar sojan Faransa, gurnetin bai samu motar ba, amma ya ji wa farar hula uku ciwo. A cikin wannan hali ne baƙon ya ce a Jami'a zai yi jawabinsa ga matasan Afirka, kuma zai tsaya a yi masa tambayoyi.

Nan ɗaliban Jami'ar, wadda ke ɗauke da sunan masanin tarihi Jozef Ki-Zarbo, suka rabu biyu. Kimanin 800 da aka ba izinin shiga suka zauna cikin babban zauren lacca. Wasu kuwa suka taru a hanyoyin da ke kewaye da Jami'ar, suna ɗaga alluna na ƙin kuɗin sefa da ƙin zaman sojan Faransa a ƙasarsu, suka tare hanya, aka jefi wata mota daga cikin ayarin baƙi, ƴan sanda suka watsa su da barkonon tsohuwa.

Waɗanda suka ƙi shiga suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. A ganinsu zauren dandalin wasa ne da aka shirya wa baƙo, domin ba kowa aka bari ya shiga ba, kuma duk ɗalibin da ya zauna a ciki ya ba da aron fuskarsa ne ga hoton da za a nuna wa duniya, cewa matasan Afirka sun karɓi Faransa hannu biyu. Sa'an nan su ƴaƴan Jami'a ce wadda ta san tsadar buɗe baki. A watan Mayu na 1990 aka kama Dabo Bukari, ɗalibin aikin likita, bayan wata zanga-zangar ɗalibai, ya mutu a hannun masu tsaron shugaban ƙasa. A watan Oktoba na 2014 kuwa jama'ar da suka cika tituna ne suka kawar da Blez Kompawore bayan shekara 27 yana mulki, kuma sojan Faransa ne suka taimaka aka fitar da shi zuwa Kodibuwa. Wanda ya ga wannan da idonsa, da wuya a lallashe shi da cewa zama a kujera ya fi fita titi.

A cikin zauren, baƙon ya yi magana fiye da awa ɗaya da rabi. Ya ce shi ɗan zamanin da bai san mulkin mallaka ba ne, ya amsa cewa laifukan da Turawa suka aikata a lokacin mallaka ba abin musu ba ne, ya kuma yi alkawarin cewa cikin shekara biyar za a shirya hanyar mayar wa Afirka kayan tarihinta da ke ajiye a gidajen tarihi na Faransa. Da a nan aka tashi, da masu zanga-zanga sun yi gaskiya: an zo, an faɗi abin da aka shirya, an tafa, an watse.

Amma da aka miƙa wa ɗalibai abin magana, sai zaman ya sake kama. Suka tambaye shi takardun sirri da Faransa ke riƙe da su game da kisan Toma Sankara na 15 ga Oktoba 1987. Suka tambaye shi zancen Faransuwa Kompawore, ƙanen tsohon shugaba, wanda aka tsare a filin jirgin sama na Paris wata ɗaya kafin nan, kuma shari'ar Burkina ke nemansa bisa kisan ɗan jarida Norber Zongo na 1998. Suka kawo zancen kuɗin sefa, da na baƙaƙen fata da ake sayarwa kamar bayi a Libiya. Wata ɗaliba ta nemi sanin dalilin da ya sa Faransa ta fi aiko soja bisa ga karɓar ɗalibai. Baƙon ya amsa da zafi, ya ce sojan nan suna mutuwa ne don tsaron yankin, abin da ya kamace su shi ne tafi. Game da sefa kuwa ya ce in shugaban Burkina ya ga dama ya fita daga tsarin gobe, ba mai hana shi.

Tambayar da ta fi kowace tona baƙon, ƙarama ce: wutar lantarki da na'urar sanyaya ɗaki a Jami'a. Sai ya ce ana yi masa magana kamar shi ne shugaban Burkina, alhali wannan aikin Shugaba Rok Mark Kiristiyan Kabore ne, yana nuna shi. Daidai lokacin Kabore ya tashi ya fita na ɗan lokaci, baƙon ya bi shi da wasa, yana cewa ya tafi gyaran na'urar ne. Zauren ya yi dariya, amma mutane da yawa a Afirka ba su ga abin dariya ba, sun ɗauke shi raini ga mai masauki a gaban ƴaƴansa. Ba a rubuta wannan cikin jawabi ba, kuma duk duwatsun da aka jefa a waje ba su fito da shi ba. Tambayar ɗalibi ce ta jawo shi fili.

Don a gane darajar wannan, sai a waiwayi Dakar. Ran 26 ga Yuli na 2007, wani shugaban Faransa, Nikola Sarkozi, ya tsaya a Jami'ar da aka raɗa wa sunan Shek Anta Jop, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kafa hujja kan daɗewar tarihin baƙar fata, ya ce mutumin Afirka bai shiga tarihi sosai ba. Mahalarta gayyatattu ne, ba a buɗe ƙofar tambaya ba, baƙon ya gama ya fita lafiya lau. Martani ya zo daga baya, a jaridu da littattafai. A 2008 Adam Ba Konare, masaniyar tarihi ta ƙasar Mali, ta tara malamai suka wallafa littafi guda don gyara wa shugaban karatunsa na tarihin Afirka. Aiki ne mai kyau, sai dai mai maganar bai taɓa tsayawa gaban ɗalibi ko ɗaya ya kare ta ba. Irin wannan saurare, na zama shiru a tafa a tashi, shi ne wanda masu zanga-zanga ke ƙyama, kuma suna da gaskiya.

Korar baƙo ma takan kai ga wannan matsayin. A birnin Lil na Faransa, ran 12 ga Nuwamba 2019, ɗalibai suka kutsa zauren da tsohon shugaba Faransuwa Oland zai yi lacca, suka yayyaga littattafansa, aka soke taron. Fushinsu yana da tushe, domin kwana huɗu kafin nan wani ɗalibi a Liyon ya cinna wa kansa wuta saboda talauci, kuma ya ambaci Oland cikin waɗanda yake zargi. Amma Oland ya koma gida ba tare da kowa ya tambaye shi abin da ya yi wa ɗalibai matalauta cikin shekara biyar na mulkinsa ba, washegari kuma hoton yagaggun littattafai ya cinye rabin labarin. Saboda haka abin da ya kamata ɗalibai su fara nema daga hukumar Jami'a, in an ce ga baƙo mai gardama tafe, shi ne: wa zai shiga, kuma za a ba da damar tambayar da ba a tace ba? In amsar a'a ce, fita titi ta zama dole. In kuwa i ce, to barin kujera a sake asara ce, ko da wasu sun tsaya a waje don baƙo ya san cewa masu tambayar ba su kaɗai ba ne. Da wuya a ce ihun da ke waje bai ƙara wa muryar na ciki nauyi ba a ranar nan ta Wagadugu.

Hausawa na cewa magana zarar bunu ce, kuma abin da aka faɗa a gaban taro ya fi wuyar janyewa. Alkawarin buɗe takardun Sankara, wanda baƙon ya yi da safe a fadar shugaban ƙasa ya kuma maimaita a gaban ɗalibai, ya kai ga Faransa ta miƙa takardu kashi uku tsakanin 2018 da 2021, ko da yake lauyoyin iyalin marigayin sun ce ba duka aka bayar ba. An buɗe shari'a ran 11 ga Oktoba 2021, kuma ran 6 ga Afrilu 2022 aka yanke wa Blez Kompawore ɗaurin rai da rai a bayan idonsa. A Nuwamba 2021 kayan tarihi 26 na masarautar Abome, waɗanda sojan Faransa suka kwashe a 1892, suka koma ƙasar Benin. Kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da dubban da suka rage.

Sauran tambayoyin ba su samu irin wannan rabo ba. Faransa ta sa hannu kan takardar miƙa Faransuwa Kompawore a 2020, ta soke ta a ƙarshen 2023. A Disamba 2019 aka yi shelar gyaran tsarin sefa a Abijan, aka daina tilasta ajiye rabin kuɗin ajiya a baitulmalin Faransa, amma sabon sunan da aka ambata bai hau takardun kuɗi ba a shekarun da suka biyo baya. Tambayar ɗalibar nan kan soja kuwa, ba a zauren lacca aka warware ta ba. Bayan zanga-zanga ta yawaita a titunan Wagadugu, kuma mulki ya koma hannun soja, a watan Janairu na 2023 gwamnatin Kaftin Ibrahim Tarawore ta ba sojan Faransa, su kimanin 400, wata ɗaya su tattara kayansu. A watan Fabrairu aka sauke tutarsu a sansanin Kambwansen, arewa da birnin.